Ina ake samun kofkek na ƙwarai a Kano? Walimar sauka ce ta taso

Maman_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. 'Yata za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Lahadi ta sama, kuma tun tana izu 40 na yi mata alkawarin kofkek mai kirim a ka, wanda za ta raba wa 'yan ajinsu da hannunta. Guda 120 nake so, muna Rijiyar Zaki. Abin da ya sa nake tambaya, bara da sunan ɗan ƙanwata na yi oda wurin wata da na gani a Instagram, hoto kamar ka lashi waya. Da aka kawo, kirim ɗin ya zame ya kwanta a gefen kwali, kek ɗin kuma kana gutsura yana marmashewa kamar dusa, ga ƙarnin ƙwai. Da idona na ga baƙi suna lashe saman suna tura sauran ƙarƙashin kujera. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Don Allah a faɗin Kano su wa suka fi iya shi? Ba araha nake nema ba, amma kuma kada a yanke ni.

Ummu_Sudais:
Wa'alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sanya albarka, ya ba ta ikon aiki da shi. Ni dai shawarata ki nufi Nassarawa GRA, wajen Lamido Crescent zuwa Audu Baƙo Way. Akwai gidajen kek a can da ban taɓa saya na yi da-na-sani ba. Da tsada kam, amma araha ba ta ado.

Shugabar_Zaure:
Barka da arziki Maman Khairat. Ina tuna mana doka: ba a kiran sunan shago ko sa lambar waya a fili, yabo ne ko suka. A faɗi unguwa da abin da aka gani, suna kuma a tura mata ta bayan fage.

Dan_Fagge:
Hajiya Ummu Sudais, ki yi haƙuri, ban yarda tsada ce ma'auni ba. Watan jiya na shiga wani babban wuri mai gilashi da sanyin esi, na saya wa iyali guda 6. Wallahi na kwana ne, ko ma na kwana biyu. Takardar gindin ta riga ta saki jikinsa, saman ya yi tauri. Kuɗin hayar shago da man janareta ne ka biya, ba kek ba.

Ummu_Sudais:
Malam Ɗan Fagge, da yamma ka je ko da safe? Don manyan wuraren nan abin da ke cikin gilashi daban, abin da aka yi maka da oda daban.

Dan_Fagge:
Bayan isha'i ne. Na yarda wannan ma yana ciki. Amma wanda ya ga kayansa ya kwana ai sai ya faɗa, ko ya rage kuɗi.

Zee_MaiKek:
Maman Khairat, sana'ata ce shekara 7 ke nan, kuma ba talla nake ba, don ranar Lahadin nan hannuna a cike yake da aikin biki. Bari in gaya miki abin da ya sami na bara, don ki san tambayar da za ki yi wa duk wadda za ki ba wa.

Marmashewa da bushewa, ko dai fulawa ta yi yawa, ko an bar shi ya wuce lokaci a oben. Kofkek ƙaramin abu ne, minti 18 zuwa 20 a zafin digiri 180 ya ishe shi. Ƙara minti 5 kawai ya isa ya mayar da shi dusa. Da yawanmu oben ɗin gas muke amfani da shi wanda ba ya nuna zafinsa na gaskiya, baya ya fi gaba zafi, to wadda ba ta san halin obenta ba dole ta ƙona wasu ta busar da wasu. Ƙarni kuma daga ƙwai ne wanda ya kwana biyu, ko an tsuke hannu wajen filebo. In kin ji bauri ko maƙaƙi a maƙogwaro, bekin foda aka zabga don ya tashi ya cika ido.

Sai batun kirim, nan ne gizo ke saƙa. Kwaɓin guda 12 na daidai yana cin bota giram 125, sukari 125, fulawa 125, ƙwai 2. Amma kirim ɗin da za a murɗa a kansu yana cin bota kamar giram 150 da garin sukari 300. Kin ga hular ta fi mai ita cin kuɗi. Guda 120 ɗinki ƙwai 20 ne kawai, ko kiret bai cika ba, amma bota ta kusa kilo 3, wato ƙulli 11 na mai giram 250. Botar gaske ta nonon shanu yawanci daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun 2023. Don haka in wata ta ce miki botar gaske zalla ta yi amfani da ita kuma ta ba ki farashin da kika ji daɗinsa sosai, ki sake tambaya.

Maman_Khairat:
Kai, Allah ya saka da alheri Anti Zee. To in ba botar gaske ba, da me ake yi?

Zee_MaiKek:
Majarin, irin su Simas da muke saya a Sabon Gari da Singa, wadda kowa yake kira bota. Kuma ba aibu ba ne, kek ɗinta yana laushi yana tashi da kyau. Bambancin a baki yake: kirim ɗin botar gaske yana narkewa a harshe ya wuce, na majarin in ba a buga shi sosai ba yana barin maiƙo a ganɗa, kina shan ruwa kina jin sa. Aibun shi ne a sayar miki da wannan da sunan wancan.

Daliba_BUK:
Anti Zee ta gama magana. Ni abin da nake yi, in na saya sai in sa cokali in kwashe kirim ɗin gefe, in ci gindin shi kaɗai. In ya ciyu babu ruwa babu shayi, to mai shi ta iya. Yawancin na cikin gari kirim da kwalliya ne suke rufa musu asiri. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Hajiya_Gwammaja:
'Ya'yana ina karanta ku ina mamaki. Wannan abin da kuke ce wa kofkek, ai mu kek ɗin gwangwani muka san shi. Lokacin garar 'yata ta fari da hannuna na yi fiye da 300, babu oben babu miksa. Gwangwanin madara da na tumatir muke tarawa wata guda, a wanke, a goge bakin kada ya yanki mutum, a shafa mai. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, a ɗora kan gawayi har ya ɗau zafi, a jera gwangwanaye, a rufe da faranti a zuba garwashi a kai. Bota da sukari kuwa da muciya ake bugawa, mutum biyu suna karɓa-karɓa har sai ya yi fari kin daina jin ƙurus-ƙurus ɗin sukari. A soka tsinke, in ya fito fes ya yi. Kek ɗin nan yana sati biyu a cikin bokiti tare da dubulan da cincin da alkaki, ƙamshinsa yana nan. Maman Khairat, ki nemi tsohuwar hannu a cikin gari, wajen Gwammaja ko Yakasai ko Ƙofar Mazugal, masu aikin gara. Yara za su ci su ƙoshi, kuma babu abin da zai narke.

Daliba_BUK:
Hajiya Allah ya ƙara girma, wannan kek ɗin ai shi ne Sallar yarintarmu. Amma ba iri ɗaya ba ne da wanda Khairat take so. Na gwangwani yana da nauyi da gardi, an yi shi don ya daɗe. Kofkek sakayau yake, an yi shi don a cinye ranar.

Hajiya_Gwammaja:
To 'yar nan, na ji. Amma abin da ba ya kwana ai wahala ne a garin da ake ɗauke wuta.

Malam_Tarauni:
Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba. Sunan daga Amurka ya zo, kuma kofi ake nufi: a cikin ƙananan kofuna ake gasa shi tun kafin a ƙera farantin gashi mai ramuka, kuma da kofi ake awon kayansa. Akwai tsohon awonsu mai sauƙin riƙewa, bota kofi 1, sukari 2, fulawa 3, ƙwai 4. Wato su kofi, iyayenmu gwangwani. Tulin kirim ɗin nan na sama daga baya ya yi yawa.

Abban_Yusra:
Ni tambayata daban ce. An ce filebon banila akwai giya a ciki, gaskiya ne? Tunda walimar Alƙur'ani ce gara a tantance.

Malam_Tarauni:
Akwai ƙamshin gaskiya. Banila ta asali wadda ake tatsa daga 'ya'yan itacen, da sinadarin barasa ake jiƙa ta, a dokar Amurka ma sai ya kai kashi 35 cikin 100 kafin a kira ta da wannan suna. Amma ba kowace kwalba ce haka ba, akwai na haɗi da babu shi, akwai na gari. A karanta jikin kwalba. Hukuncin wanda ke da shi kuma a tambayi malamai, ni ba zan yi fatawa a nan ba.

Zee_MaiKek:
Abban Yusra, ta asalin tsadarta ma ta hana yawancinmu taɓa ta. Ni ta gari nake sa wa. Inda ya kamata a yi tambaya sosai shi ne kek ɗin biki mai busassun 'ya'yan itace, don akwai masu jiƙa su da giya saboda ya daɗe. Kofkek ba ya buƙatar wannan. Duk da haka Maman Khairat tana da haƙƙin ta ce a turo mata hoton kwalbar, mai gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Bamaradiya:
Sannunku mutanen Kano. Mu nan Maraɗi gato muke cewa, kuma namu ya bi hannun Faransa. Akwai wani ƙarami da ake kira madalen, mai siffar ƙwaryar kifin teku, babu kirim ko ɗis, ƙamshin bota da ɓawon lemun tsami kawai. Da na zo biki Kano na ci naku, ya yi kyau a ido ƙwarai, amma sukarin ya ginshe ni tun ban kai rabi ba. Ku rage zaƙi don Allah.

Anti_Nas:
Bamaraɗiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku duba lissafin Anti Zee: garin sukari giram 300 a kan guda 12, kowane ɗaya ya tashi da giram 25 a kirim kawai, kusan cokalin shayi 6, ban da na cikin kwaɓin. Yara ne za su ci, wasu biyu za su ci. Ki ce a yi miki ƙanana, ko a shafa kirim ɗin shafe maimakon a tula shi. Sannan ki guji mai kala da yawa, musamman red belbet ɗin da ake zabga wa ja har harshen yaro ya rine. Kuma in da gyaɗa a ciki a sanar, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ta.

Ummu_Sudais:
Anti Nas, sauka sau ɗaya ake yi a rayuwa. A bar yarinya ta samu abin da aka yi mata alkawari.

Anti_Nas:
Ban ce a hana ta ba 'yar uwa, cewa na yi a rage. Ƙaramin ma ya fi kyau a hannun yaro, ba ya ɓata masa farin kaya.

Mai_Napep_Kurna:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ni ba na gasa kek amma ina ɗaukar sa kusan kullum, bari in faɗi nawa. Rabin kek ɗin da ake zagin mai shi, a hanya ya lalace. Hajiya tana Rijiyar Zaki. In ta yi oda daga Hotoro ko Hadeja Road, sai an keta gari gaba ɗaya, a bi ta Ɗangi ko ta Ƙofar Nassarawa, a fito Kabuga, ga cunkoso, ga rana. Akwai ranar da na ɗauko kwali 5 ƙarfe 1 na rana, matar ta ɗora su kan cinyarta wani kan wani, na ƙasa yana shan zafin jiki na sama yana shan iska mai zafi. Kafin mu kai, furannin da aka yi da kirim sun zama kunu. Ta zauna a napep ɗina tana hawaye, ni ma abin ya taɓa ni. Shawarata, ki nemi na kusa da ke, wajen Kabuga, Janbulo ko Gadon Ƙaya, ko kuma a ɗauko shi da sassafe kafin ƙarfe 9. A shimfiɗa kwalayen a ƙasa a daidai, ba kan kujera ba don kujera a karkace take. Kuma kwalin ya zama mai ramuka wanda kowane kek yake zaune a gurbinsa.

Maman_Khairat:
Ikon Allah. Malam, na bara daga Hotoro aka kawo shi a bayan babur, bayan azahar. Ashe wataƙila na ɗauki alhakin baiwar Allah a kan kirim ɗin.

Dan_Fagge:
A kan kirim ɗin kawai Hajiya. Bushewa da ƙarni ba babur ne ya kawo su ba.

Zee_MaiKek:
Mai Napep ya faɗi abin da muke fama da shi. Botar gaske tana fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 32 zuwa 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu Kano tana taɓa 40. Shi ya sa a bazara ko ni sai na haɗa bota da majarin a kirim, kuma ina gaya wa mai oda. Wanda za ki guje wa gaba ɗaya a taron rana shi ne wifin kirim, wato na madara da ake bugawa ya yi kumfa, da kirim mai cuku irin na red belbet, waɗannan firij suke so, in sun wuce awa 2 a waje ba narkewa kaɗai ba, suna iya ɓata ciki. Da hunturu kuma matsalar ta juya: kirim yana tsayawa cak, amma iska tana busar da kek ɗin in an bar kwali a buɗe.

Hajiya_Gwammaja:
Kun ji ko? Na gwangwani babu ruwansa da Afrilu.

Uwar_Biyu:
Ni wani abu nake so a duba. Me ya sa kullum banila, cakulet, red belbet? Wata maƙociyata a Sharaɗa tana yin na dabino da kwakwa, tana rage sukari saboda zaƙin dabinon, kuma yana kwana biyu da laushinsa. Ta taɓa yin kirim da ruwan zoɓo mai kauri, kalar ta fito ja mai kyau ba tare da kalar kwalba ba, ga ɗan tsami da yake kashe ginsa. Don walimar sauka ma ai dabino ya fi dacewa.

Daliba_BUK:
Na dabino na yarda. Amma na taɓa cin wanda aka yi da man shanu, ƙamshin ya danne komai, kamar kana cin tuwo da sukari.

Uwar_Biyu:
An cika shi ne. Cokali ɗaya ko biyu na soyayyen man shanu a cikin kwaɓi gardi yake ƙarawa. Ba a maye gurbin bota da shi gaba ɗaya, don ba ya buguwa ya yi kumfa.

Abban_Yusra:
Mun yi nisa. Baiwar Allah ta tambayi ina za ta je, har yanzu ba a ba ta amsa ɗaya ba.

Ummu_Sudais:
Na tura mata sunaye biyu ta bayan fage, ɗaya a Nassarawa ɗaya a Zoo Road. Ina nan kan bakana, babban wuri ya fi kwanciyar hankali ga guda 120. Suna da oben babba, suna da firij da janareta, ba za a kira ki ranar Asabar da dare a ce gas ya ƙare ko yaro ba lafiya ba. Ni an taɓa yi mini haka ana gobe kamu, na riga na tura kuɗi duka.

Zee_MaiKek:
Anti Ummu Sudais, abin da aka yi miki bai kyautu ba, kuma yana ɓata mana suna mu duka. Amma masu yi a gida da yawa sun fi shago kula, don sunansu ne jarinsu, kuma da safen ranar suke gasawa. Kada dai a biya duka. A ba da rabi ko abin da zai sayi kaya, sauran sai an ga aiki. A rubuta komai a saƙo: adadi, girma, irin kirim, ƙarfe nawa, wa zai biya ɗan aike. Kuma a tambaye ta obenta guda nawa yake ɗauka a zubi ɗaya. Mai faranti ɗaya na 12, guda 120 zubi 10 ne, ya fi awa 3 ana gashi kawai, ban da hucewa, don ba a sa kirim kan kek mai ɗumi. Irin wannan dole ta fara tun ana gobe taron.

Dan_Fagge:
Zuwa da kai ya fi aike. Hajiya kina da kwana 9. Ki zaɓi wuri 3, ki sayi bibbiyu, ki ci ɗaya nan take, ɗayan ki ajiye shi a ɗaki awa 4 ba firij ki ga yadda zai koma. Ki ba Khairat ta ɗanɗana, ai ita ce mai taro.

Maman_Khairat:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. Na bi shawarar Malam Ɗan Fagge, jiya ni da Khairat muka zaga wuri 3. Na Nassarawa da Ummu Sudais ta turo, gaskiya kirim ɗinsu babu na biyunsa, yana narkewa a baki babu maiƙo, amma wanda na ajiye kafin la'asar ya fara sunkuyawa, kuma kuɗin 120 ya wuce abin da na ware nesa ba kusa ba. Na Zoo Road ya fi kowanne kyau a ido, da na kwashe kirim ɗin kamar yadda Ɗaliba ta ce sai na ji gindin salam. Na uku wata ce a Janbulo da wata 'yar zauren nan ta haɗa mu, a gida take yi. Na tarar tana fitar da zubi, ta ba mu da ɗuminsa babu kirim, Khairat ta cinye ta kalle ni. Ta nuna mini kwalbar filebonta tun ban gama tambaya ba, ta ce majarin take sa wa a kwaɓi, kirim kuma haɗi. Matsalar, kwalliyarta ba ta kai ta sauran ba, kuma obenta 24 yake ɗauka. Khairat kuma idonta yana kan mai furanni na Zoo Road.

Daliba_BUK:
Ta Janbulo, Anti. Ga kusa, ga daɗi.

Ummu_Sudais:
Zubi 5 ke nan, in ta fara bayan asuba za ta gama. Amma ki tambaye ta ko ta taɓa yin 120 a rana ɗaya, kuma wa yake taya ta. Ni da ni ce sai in raba: 24 masu kyan gani daga Nassarawa don malamai da hoto, sauran daga Janbulo.

Anti_Nas:
Kada a raba wa yara iri biyu dai, rigima za a yi. In za a bambanta, na malamai ya tafi a kwalinsa a rufe.

Hajiya_Gwammaja:
Maman Khairat, ki turo a karɓa, zan gasa wa jikata guda 30 na gwangwani kyauta, albarkacin Alƙur'ani. Ki ajiye wa manya masu zuwa bayan magariba, lokacin nasu mai hular ya gaji.

Maman_Khairat:
Allahu akbar, Hajiya na rasa bakin godiya, Allah ya saka da Aljanna. Zan zo da ita da kaina ta gaishe ki. Anti Zee, tambaya ta ƙarshe: in na nuna wa ta Janbulo hoton furannin nan, abu ne da za ta iya koya cikin sati ɗaya, ko in bar ta ta yi wanda hannunta ya saba?

Zee_MaiKek:
Ya danganta da bakin ƙarfen da take matsa kirim da shi. Akwai mai kamar tauraro, ana samun sa wurin masu kayan kek a Sabon Gari, da shi ake yin furen, daga tsakiya ake farawa a zagayo waje. Ki saya mata ki kai, ta gwada guda 6 ranar Laraba ta turo miki hoto. Ki sa mana a nan mu gani.

Mai_Napep_Kurna:
In an tsayar da magana a gaya mini ƙarfe nawa. Janbulo zuwa Rijiyar Zaki ba nisa, zan shimfiɗa kwali a ƙasa in tafi a hankali.